Harajin sigari da maganar rasa aikin yi: a zauna a yi lissafi

Duk lokacin da gwamnati ta ce za ta ƙara wa sigari haraji, ko za ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a, ƙorafi uku ne ke biyo baya: mutane za su rasa aikin yi, kayan sumoga za su cika kasuwa, ita kuma gwamnatin za ta tashi a tutar babu. Bai kamata a yi watsi da waɗannan maganganu ba don kawai kamfanonin taba ne suka fi yayata su. Akwai manomi da lebura da mai tireda da ke ci daga wannan harka, kuma hakkinsu ne a duba lamarinsu da idon basira. Sai dai da an zauna an yi lissafi za a ga mutanen da abin zai taɓa ba su kai yawan da ake faɗa ba, ana iya sanin ko su wane ne, kuma yawancin ɓarnar da ake ɗora wa harajin ta samo asali ne daga yadda aka tsara shi da yadda ake karɓarsa.

Abu na farko da za a riƙe shi ne mashayi ba ya rabuwa da sigari cikin sauƙi. Binciken da aka tara daga ƙasashe da dama, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke dogara da shi, ya nuna idan farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, yawan sigarin da ake sha kan ragu da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kusan kashi 5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, wani wuri har 8. Kusan rabin raguwar daga waɗanda suka daina ne da samarin da tsada ta hana su farawa, sauran rabin daga waɗanda suka rage yawan karan da suke sha a rana.

A ɗauki misali da lambobi masu sauƙin lissafi, ba farashin kasuwa na yau ba. Gari ne da ake sayar da kwali 100 a rana, kowane kwali naira 1,000, a ciki harajin gwamnati naira 200. Mashaya na kashe naira 100,000, gwamnati na ɗaukar 20,000, kamfani da dillalai da masu tireda na raba 80,000. Sai aka ninka harajin ya koma 400, kamfani ya ɗora ƙarin duka a kan mai saye, kwali ya zama 1,200. Farashi ya tashi da kashi 20, ciniki ya sauka da kashi 10, saura kwali 90. Yanzu gwamnati na karɓar 36,000, ƙarin 16,000 ke nan duk da cinikin ya ragu. Kamfani da masu sayarwa sun koma 72,000, sun rasa 8,000. Waɗanda suka daina ko suka rage sun tsira da 10,000 a aljihu, waɗanda suka ci gaba kuwa suna biyan ƙarin 18,000.

Kun ga an ninka haraji sukutum, amma kashi ɗaya cikin goma ne kawai na kasuwar ya tafi. A ƙasa irin Najeriya ko Nijar, inda yawan jama'a ke ƙaruwa da fiye da kashi 2 kowace shekara, sabbin matasan da ke tasowa kan cike wani ɓangare na giɓin cikin 'yan shekaru. Babu wata masana'anta da za ta wayi gari ta rufe ƙofa saboda irin wannan raguwa.

Kuma kuɗin da ya bar sigari ba ƙonewa ya yi ba. Naira 10,000 ɗin nan ta koma wajen mai garin masara, mai kayan miya, tela, direban adaidaita, kuɗin makarantar yara. Naira 16,000 ta gwamnati ta koma albashi ko magani ko aikin hanya, gwargwadon yadda aka riƙe amanarta. Tambayar da ta dace ita ce: naira ɗaya da aka kashe a sigari da naira ɗaya da aka kashe a waɗannan, wacce ta fi sa hannuwa aiki? Injin zamani na naɗa sigari yana iya fitar da kara 20,000 a minti ɗaya, mutane ƙalilan ke tsaye a kansa. Kaso mai tsoka na kuɗin sigari ma waje yake fita, wajen sayen ganye da takarda da matatar bakin kara da kayan gyaran inji, da ribar masu hannun jari. Kuɗin tuwo da ɗinki kuwa a unguwa yake zagayawa. Shi ya sa rahoton Bankin Duniya na 1999 ya kai ga cewa yawancin ƙasashe ba za su yi asarar ayyuka ba idan shan taba ya ragu, wasu ma ƙaruwa za su samu. Waɗanda ya ware su ne 'yan ƙasashen da suka dogara da fitar da ganyen taba waje, irin Malawi da Zimbabuwe. Su ma abin da ke barazana gare su kasuwar duniya ce, domin kusan duk ganyen da suke nomawa wasu ƙasashe ke saye.

Tarihin masana'antun yankinmu ya nuna abin da ke cinye ayyuka a zahiri. Kamfanin Nigerian Tobacco Company ya gaji masana'antar Ibadan ta 1937, ya yi ta Fatakwal a 1956, da ta Zariya a 1959. A 2000 ya haɗe da British American Tobacco, a 2001 aka sa hannu da gwamnatin tarayya kan zuba dala miliyan 150, a 2003 aka buɗe sabuwar masana'anta a Ibadan. Shekara uku bayan haka, a 2006, kamfanin ya rufe masana'antarsa ta Takoradi a Ghana, aka koma kai wa Ghana sigari daga Ibadan. Ma'aikatan Takoradi ba haraji ne ya kore su ba. Lissafin kamfani ne ya nuna inji ɗaya mai sauri a wuri ɗaya ya fi araha a kan ƙananan masana'antu a ƙasashe da yawa. Akwai kuma wani abu da ake mantawa: harajin da ake magana a kai na sigarin da za a sha a cikin ƙasa ne. Wadda aka yi don fitarwa ƙasashen maƙwabta ba ya hawa kanta, don haka ma'aikacin da ke kan wannan layi ƙarin harajin Najeriya bai taɓa shi ba.

Idan aka ji an ce mutum dubu ɗari kaza ne ke ci daga harkar taba, a tambayi yadda aka ƙirga su. Yawanci ana haɗa ma'aikacin da ke karɓar albashi a masana'anta da direban da ke ɗaukar katan ɗin sigari tare da sabulu da taliya, da duk mai shagon da ke da kwali biyar a kan kanta, har da iyalansu. Adadin da ke da amfani shi ne mutum nawa ne idan babu sigari ba su da wata hanyar samu.

Manomi shi ne wanda ya fi cancanta a tsaya a kansa. A arewa an taɓa noman taba sosai a fadamun Shinkafi da kewayen Zariya, irin wadda ake ratayewa a inuwa iska ta busar da ita. A yankin Iseyin na jihar Oyo kuwa irin wadda ake gasawa da itace aka fi yi. Noman taba aiki ne mai cin rai. Irin ƙanana ne ƙwarai, giram ɗaya na ɗauke da ƙwaya fiye da 10,000, sai an gauraya da toka ko ruwa kafin a watsa a gadon reno. Za a yi ta ban ruwa safe da yamma na mako shida zuwa takwas kafin dashe, kusan tushe 15,000 a hekta ɗaya. Idan ta fara fure a karye kan, sannan a yi ta bin gona ana cire 'ya'yan da ke tsirowa a hammatar ganye, in ba haka ba ganyen ya yi sirara. Girbi ba rana ɗaya ba ne: ganye biyu ko uku ake tsinka daga ƙasa, a dawo mako mai zuwa, har a kai sama. Mai tsinkar ganye da raɓa ko bayan ruwan sama, sinadarin nikotin na ratsa fatarsa, ya kama jiri da amai, kuma sau da yawa mata da yara ne ke wannan aiki.

Sai gashi. A ɗaure ganye a sanduna a jera a ɗakin gashi, a hura wuta kwana biyar zuwa bakwai ba dare ba rana. Ana farawa da zafi kaɗan, wajen digiri 35 zuwa 40, har ganyen ya yi rawaya, a ɗaga zuwa hamsin da wani abu ya bushe, a ƙarasa a wajen 70 don jijiyar tsakiya ta bushe. In aka yi gaggawar ɗaga wuta ganye ya bushe da korensa, in aka yi jinkiri ya yi baƙi-baƙi, duka biyun faɗuwar daraja ce a wurin awo. Fiye da kashi huɗu cikin biyar na nauyin ɗanyen ganye ruwa ne da ke tafiya a ɗakin gashi, kuma kowane kilo na busasshe ya ci kiloli da yawa na itace.

A tsarin kwangila kamfani ne ke ba da iri da taki da maganin ƙwari bashi, shi ne kuma mai saye shi kaɗai, shi ke yanke darajar ganye ranar awo, ya cire bashinsa kafin ya miƙa saura. Binciken da aka yi a gidajen manoman taba a Kenya da Malawi da Zambiya da Indunusiya ya ci karo da abu guda: in aka yi wa aikin matar gida da yara kuɗi kamar yadda za a biya ɗan ƙwadago, ribar da yawa daga cikinsu ba ta taka kara ta karya ba, wasu ma faɗuwa suke yi. Abin da ke riƙe su shi ne bashin taki a farkon damina, da tabbacin mai saye, da kuɗi a dunƙule lokaci guda. A Najeriya dai noman taba ya daɗe da ja baya, masana'antu sun fi dogara da ganyen waje, don haka manoman da ƙarin haraji zai taɓa ba su fi ƙarfin a rubuta sunayensu a tallafa musu ba. Masu noman tabar gargajiya a bayan gida, ta taba gari da furen da mata ke ci da goro, ba sa cikin wannan lissafi, domin ba ta bi ta masana'anta balle haraji ya same ta.

Mai tireda lamarinsa daban ne. A duba teburinsa a bakin tasha ko kusa da mai shayi: ashana, alewa, biskit, goro, ƙullin sukari, omo, maganin sauro, ruwan leda, katin waya, sai kwalaye uku ko huɗu na sigari a buɗe. Sigari ɗaya ce cikin kaya ashirin. In cinikinta ya ragu da kashi 10, abin da ya rasa kaɗan ne, kuma wanda ya daina saye bai bar unguwar ba, gobe zai zo sayen wani abu. Abin da ya fi damunsa jari ne, domin in kwali ya yi tsada kuɗin da zai ɗaure a rol ɗaya ya ƙaru.

Amma teburin nan ne ke karya lagon harajin, saboda sayar da kara ɗai-ɗai. Dokar hana yaɗuwar shan taba da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015 ta haramta sayar da sigari sai a kwalin da bai gaza kara 20 ba, ta kuma haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Kowa ya san ba a bin wannan. Illar ta fuska biyu ce. Yaron da ba zai iya fitar da kuɗin kwali ba yana iya fitar da na kara ɗaya, kuma bai ma ga hoton gargaɗin da ke jikin kwalin ba. Sannan akwai matsalar canji. Tunda ba a amfani da tsaba, farashin kara ba ya motsi da naira ɗaya ko biyu, sai dai ya yi tsalle da goma ko fiye. In gwamnati ta ƙara naira 1 a kan kara, kamfani da dillali na iya haɗiye ta, farashi a kan tebur bai motsa ba, ba wanda ya daina. Ko kuma a fake da ita a ɗaga da goma, tara ta shiga aljihun kamfani da 'yan kasuwa. Ƙarin da bai kai girman takardar kuɗi mafi ƙanƙanta da ake ciniki da ita ba, da wuya mashayin kara ɗai-ɗai ya ji shi yadda aka nufa.

Wannan ya kawo mu kan yadda harajin Najeriya yake. Kafin 2018 kashi 20 cikin 100 ake karɓa, kuma a kan farashin bakin masana'anta, wato abin da kamfani ya ce kwalin ya ci kafin ya fita ƙofa. A nan gizo ke saƙar. In ana sayar da kwali naira 1,000 a kasuwa amma an rubuta 300 a bakin masana'anta, kashi 20 ɗin naira 60 ce, kashi 6 kacal na abin da mai saye ya biya. Kamfanin da ke da reshen rarraba kaya na kansa yana iya sayar wa reshen da araha, ya kwashe ribar a can inda harajin bai kai ba. Sigari mai araha kuma harajinta ya fi ƙanƙanta, tazarar da ke tsakaninta da mai tsada ta ƙara faɗi, mashayi ya sauko daga wannan zuwa waccan maimakon ya daina.

Daga 4 ga Yunin 2018, lokacin Kemi Adeosun na ministar kuɗi, aka ƙara haraji tsayayye a kan kowane kara: naira 1 a 2018, naira 2 a 2019, naira 2.90 a 2020, wato naira 58 a kwali. A watan Yunin 2022 aka ɗaga harajin kashi 20 ɗin zuwa kashi 30, na kara kuma aka tsara naira 4.20 a 2022, 4.70 a 2023, 5.20 a 2024, wato naira 104 a kwali. An yi yunƙurin wani ƙari a 2023, sabuwar gwamnati ta dakatar da shi a watan Yuli. Shigo da harajin kara mataki ne mai kyau, domin jami'in kwastam ƙirga kara kawai zai yi, ba ruwansa da gardamar farashi, kuma yana hawa kan mai araha da mai tsada daidai wa daida. Kuskuren shi ne an rubuta shi da naira tsayayya ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba. A 2020, dala tana wajen naira 380, naira 2.90 ta kai kusan kashi uku cikin huɗu na santi ɗaya (santi 100 ne dala ɗaya). A 2024, dala tana wajen 1,500, naira 5.20 kusan sulusin santi ce. A takarda an ƙara haraji, a aljihu ya ragu da fiye da rabi, a shekarar da hauhawar farashi ta haura kashi 34. Ƙungiyar ECOWAS tun Disambar 2017 ta umarci ƙasashenta su karɓi aƙalla kashi 50 na farashin bakin masana'anta tare da santi 2 a kowane kara. A canjin 1,500, santi 2 naira 30 ce a kara, 600 a kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar haraji duka ya kai kashi 75 na farashin kasuwa, na Najeriya ko an haɗa da harajin VAT na kashi 7.5 bai kai rabi ba.

Gyaran a sarari yake. A sa nauyin a kan harajin kara, a rubuta a cikin doka cewa kowace shekara zai tashi da kansa daidai da hauhawar farashi da ɗan ƙari a kai, don kada sai an jira takardar minista. A kuma toshe wata ƙofa da aka sani: da an sanar da ranar ƙari, masana'anta kan fitar da kayan watanni a tsohon haraji ta jibge a wurin dillalai. Ana magance wannan da ƙayyade yawan abin da za a fitar a watannin da suka gabaci ranar, daidai da matsakaicin abin da aka saba fitarwa.

Maganar sumoga ita ce mafi ƙarfi cikin ƙorafin, kuma Afirka ta Kudu ta nuna fuskokinta biyu. Tsakanin 1993 da 2003 ƙasar ta yi ta ɗaga haraji har farashin sigari ya ninka ko bayan an cire hauhawar farashi. Yawan sigarin da ake sha ya ragu da kusan sulusi, masu sha suka sauko daga kusan kashi 32 na manya zuwa 24, kuɗin shigar gwamnati daga sigari ya ninka fiye da sau biyu, kuma haramtacciyar sigari ba ta kai kashi 10 na kasuwa ba. Daga baya, a shekarun da harajin ya kusan tsayawa cik, sai ta bunƙasa. Bayan 2014 an rusa sassan bincike na hukumar tara harajin ƙasar a zamanin shugabanta Tom Moyane, zuwa 2017 haramtacciyar sigari ta haura kashi 30. A 2020 gwamnati ta haramta sayar da sigari baki ɗaya saboda korona, daga 27 ga Maris zuwa tsakiyar Agusta. Mashaya ba su daina ba, bayan fage suka koma, kuma da aka ɗage haramcin fiye da rabin kasuwar ya zauna a can. Yawancin wannan sigari ma a cikin ƙasar ake yin ta, a masana'antu masu rajista da ke ɓoye adadin da suka fitar. Birtaniya ta bi ɗaya hanyar: a 2000 kusan kara ɗaya cikin biyar na sumoga ne, ta zuba jami'ai da na'urorin duba kwantena ta matsa wa kamfanoni su san inda kayansu ke zuwa, cikin shekara goma sha wani abu ya sauko zuwa kusan ɗaya cikin goma alhali haraji na ta hawa. Gaskiya ne akwai iyaka. Ostireliya ta yi ta ƙara kashi 12.5 kowace shekara daga 2013 zuwa 2020, yanzu tana fama da gungun masu laifi da ke ƙona shagunan juna a birnin Melbon. Amma Najeriya, da harajinta na kara yake wajen sulusin santi a 2024, tana da nisa ƙwarai da wannan matsala.

A yankinmu hanyar sananniya ce. Kwantena ta sauka a Kwatano ko Lome da takardun kayan wucewa zuwa Nijar, ba a biya mata haraji ba tunda an ce ba nan za a sha ba. Wani kaso ya ɓulla kudu ta hanyoyin daji ya shigo Najeriya, wani ya haura ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya. Abin da ke hana wannan shi ne a karɓi jingina daidai da cikakken haraji a tashar jirgin ruwa, kada a mayar sai hukumar ƙasar da aka nufa ta tabbatar kayan sun iso. Sai a liƙa wa kowane kwali kan sarkin haraji mai lambar da ba ta maimaituwa, wadda jami'i zai duba da waya a kasuwa, kamar yadda Kenya ta fara a 2013. Dole tsarin ya kasance a hannun gwamnati, kada a karɓi wanda kamfanin taba ya kawo kyauta. A masana'anta kuwa a riƙa gwada yawan takarda da matata da ganyen da suka shiga da yawan karan da aka ce sun fita. Najeriya da Nijar duka sun shiga yarjejeniyar duniya ta yaƙi da fasa-ƙwaurin taba da ta fara aiki a Satumbar 2018, wadda ta tanadi bin sawun kwali daga masana'anta har kasuwa.

Dokar hana sha a wuraren jama'a ba ta buƙatar dogon bayani, domin an gwada ta an ga sakamako. Birnin New York ya hana shan sigari a gidajen abinci da wuraren shan barasa a Maris ɗin 2003, bayan shekara ɗaya harajin da ake karɓa daga waɗannan wurare ya ƙaru da kashi 8.7, ma'aikata sun ƙaru da wajen 10,000. Ailan ta hana a duk wuraren aiki a faɗin ƙasa daga 29 ga Maris 2004, ƙasa ta farko da ta yi haka. Wani nazari na 2003 ya tattara bincike 97 kan wannan batu, cikin 21 da suka fi inganci babu ko ɗaya da ya ga faɗuwar ciniki. Waɗanda ke asara da gaske su ne wuraren da hayaƙin shi ne hajarsu, kamar gidajen shisha. A Najeriya ma abin ya fi sauƙi: binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 3.9 ne kawai na manya ke busa taba, kimanin mutum miliyan 3.1. Mai gidan abincin da ya hana hayaƙi, mutum 96 cikin 100 ya faranta wa. Raunin dokar 2015 shi ne ta bar ƙofar ware wurin masu sha a wasu gine-gine. Wannan kashe kuɗi ne ga mai wuri, kuma hayaƙi na bin ƙofa da na'urar sanyaya ɗaki ya isa ga ma'aikaciyar da ke kai abinci. Hani ɗungurungum ya fi araha, allo ɗaya ne da kwashe farantan toka. Nauyin kuma a ɗora shi a kan mai wurin. In aka ce tarar naira 50,000 za a riƙa bin ɗaiɗaikun mutane da ita a tasha, dokar za ta zama hanyar tatsar talaka.

Saura waɗancan da ba su daina ba, masu biyan ƙarin 18,000 a misalinmu. Cikinsu akwai talakan da kuɗin cefanen gidansa ne zai ragu, kuma ba daidai ba ne a yi kamar babu shi. Abin da ke sassauta lamarin shi ne talaka da matashi su suka fi saurin dainawa in farashi ya tashi, don haka ribar lafiyar ta fi sauka a gidajensu, nauyin kuɗin kuma ya fi komawa kan masu hali da suka ci gaba da saye. A ɗaya gefen sikelin akwai abin da taba ke ci yanzu. Cibiyar nazarin tattalin arzikin Afirka ta CSEA da ke Abuja ta ƙiyasta a 2021 cewa taba na kashe kusan mutum 29,000 a shekara a Najeriya, jinyar cututtukanta kuma na cin fiye da naira biliyan 500. A ƙasar da yawancin kuɗin asibiti daga aljihun majinyaci yake fita, magidancin da ciwon huhu ko shanyewar ɓarin jiki ya kwantar yana ɗan shekara hamsin, aikinsa ya tsaya, an sayar da gona ko babur, an cire yaro daga makaranta. Wannan ma rasa aikin yi ne, sai dai ba a sa shi a lissafin da ake kai wa majalisa.

Adalcin harajin ya rataya a kan inda kuɗin ya tafi. Filifin ta gyara harajin taba da barasa a ƙarshen 2012, ta rubuta a doka cewa kashi 15 na ƙarin kuɗin taba na yankunan manoman taba ne, mafi yawan saura kuma na lafiya, da shi aka biya wa miliyoyin iyalai matalauta inshorar lafiya. Dokar Najeriya ta 2015 ta kafa asusun yaƙi da taba, amma abin da aka fara ware masa a kasafin 2023 naira miliyan 4.7 ne, kuɗin da ba zai buɗe ɗakin taimaka wa masu son dainawa ko a asibiti ɗaya ba.

Wajen manomi kuwa, huɗuba ba ta sauya shuka. A gundumar Migori ta Kenya, shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙaddamar a 2022 ya mayar da manoman taba zuwa noman wake mai yawan sinadarin ƙarfe. Ya karɓu ne saboda ya ba su abubuwan da kamfanin taba ke ba su: iri da taki a farkon shekara, malamin gona mai zuwa har gona, da mai saye tabbatacce, domin hukumar abinci ta duniya ta tsaya wajen samar wa waken kasuwa. Waken kuma wata uku ya isa girbi, ba ɗakin gashi, ba itace, in kasuwa ta yi sanyi a dafa a ci a gida. Duk jihar da za ta yi irin wannan sai ta biya wa manomi tsohon bashin da ke kansa, ko ta sasanta shi, in ba haka ba kwangila za ta mayar da shi. Ta kuma isa gare shi aƙalla wata biyu kafin lokacin dashe, tun bai gyara gadon reno ba, domin da zarar ya karɓi buhun taki bashi ya watsa iri, wannan shekarar ta taba ce.